Rahoton NCDC ko bakin likita?

Idan cuta ta ɓulla, kamar mashaƙon da ya addabi Katsina a 2023, ƙofa biyu ke gaban ɗan jarida.

Rahoton NCDC, wato hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, yana da alƙaluma, kuma yana raba waɗanda ake zargin sun kamu da waɗanda gwaji ya tabbatar. A nan wasunmu ke tuntuɓe: a haɗa adadin waɗanda ake zargi da na waɗanda aka tabbatar a karanta a rediyo, kafin la'asar gari ya ɗauka. Ga shi rahoton yakan fito a makare, da Turancin masana.

Likita kuwa, a ce na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, zai faɗa maka da Hausa yadda wata yana mai ruwan toka ke toshe maƙogwaron yaro, da yadda allurar rigakafi ta penta sau uku ke kare shi. Sai dai majinyatansa kaɗai ya gani, bai leƙa Daura ko Funtuwa ba. Kuma likitan ƙashi, komai ƙwarewarsa, wannan ba fanninsa ba ne.

Ni dai in lokaci ya ƙure, likitan yara nake kira, adadin kuma in jira rahoto ya fito.