Mystical Cats ko Cat People: wanne ya dace da mai koyon tarot?

'Yar'uwa, kin ce kin ga tarot, wato katunan nan masu hotuna da ake ja ana karanta ma'anarsu, iri biyu masu hoton kyanwa, Mystical Cats Tarot da Tarot of the Cat People, ba ki taɓa riƙe irin wannan kati ba, kuma so kike ki riƙa jan guda ɗaya kowace safiya. Duka biyun suna hannuna. Shawarata ki fara da Mystical Cats, amma akwai wani abu game da shi da nake so ki sani kafin ki saya.

Cikakken tarot kati 78 ne: manya 22, ƙanana 56. Ƙananan sun kasu gida huɗu, sanduna da kofuna da takubba da sulalla, kowane gida yana da kati ɗaya zuwa goma, sai 'yan fada huɗu, wato katuna masu hoton sarki da sarauniya da mutanensu. Yawancin littattafan koyo a kan tsari ɗaya aka gina su, wanda aka buga a Landan a 1909, Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. Abin da ya sa ya karɓu shi ne ta zana labari a kan kowane ƙaramin kati. Ki dubi takubba uku: zuciya ce takubba uku sun soke ta, hadari ya haɗu, ruwa na zuba. Ba sai an faɗa miki baƙin ciki ake nufi ba. Har baƙar kyanwa ta zaunar a gaban Sarauniyar Sanduna, kin ga tun asali kyanwa ba baƙuwa ba ce a nan. To, ma'aunin da nake auna katin mai koyo da shi ke nan: hoton yana magana da kansa, ko kuwa sai an buɗe littafi?

Tarot of the Cat People shi ne dattijo a cikin biyun. Kamfanin U.S. Games Systems ya fitar da shi a 1985, zanen Karen Kuykendall ne, 'yar Amurka. Mutane ne suka cika katunan, mazauna wata duniya da ta ƙirƙira mai masarautu biyar, kowace da sunan dutse mai daraja, ɗaya ta manyan katuna, huɗu na gidajen nan. Kyanwoyin suna gefensu, ko a kafaɗa, ko a cikin adon tufafi. Zanen yana da duhu da nauyi, ado kan ado, kuma ina son sa ƙwarai. Sai dai katuna da yawa mutum ɗaya ne a tsaye cikin kwalliya, da kyanwa da alamar gidansa, babu wani abin da ke faruwa. Wanda ya riga ya san ma'ana zai ji daɗinsa. Mai koyo kuwa zai yi ta kallon kyau bai san abin da ake faɗa masa ba.

Mystical Cats ya zo a 2014 daga kamfanin Llewellyn, Lunaea Weatherstone ta rubuta, Mickie Mueller ta zana. A nan kyanwa kyanwa ce, a kan ƙafa huɗu, ba riga ba hula. Wannan shi ne ƙarfinsa. Duk wanda ya zauna da mage ya riga ya iya karanta jikinta. Tawa idan ta kwantar da kunnuwa baya, wutsiya ta kumbura, na san ba lokacin taɓa ta ba ne. Idan ta naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ƙirji tana lumshe ido a hankali, na san hankalinta kwance yake. Wannan sanin da kike da shi tun kafin ki ji sunan tarot, shi za ki ɗauko ki karanta katin da shi. Ga shi kuma yana zuwa da littafi sosai mai bayanin kowane kati, ba 'yar takardar da ake cusawa cikin kwali ba.

Ga abin da na ce ki sani. An canja sunaye. Gidajen huɗu sun koma dangogin kyanwa: Wuta a madadin sanduna, Teku a madadin kofuna, Sama a madadin takubba, Ƙasa a madadin sulalla. 'Yan fada sun zama ɗan kyanwa, muzuru, sarauniya da sarki. Wasu daga cikin manyan ma an sake musu suna: The Fool ya koma The Cat, The Hanged Man ya koma The Floating Cat, Judgement kuma Good Kitty. Ranar da kika buɗe wani littafin koyo dabam, za ki ga ana maganar kofuna biyar, ke kuma Teku biyar ne a hannunki. Ki rubuta tsofaffin sunaye da sababbi a 'yar takarda ki ajiye cikin kwalin, da yawan amfani za su zauna miki.

Idan kuwa burinki ki koyi tsarin 1909 ɗin kai tsaye, akwai na uku da ba ki ambata ba, Tarot of Pagan Cats na kamfanin Lo Scarabeo da ke Italiya, zanen Lola Airaghi. Yana bin hotunan Smith kusa da kusa, sai dai bayanin da ke cikin kwalinsa kaɗan ne, za ki buƙaci littafi a gefe.

Game da jan kati kullum, ni ban ɗauki tarot a matsayin masanin gaibu ba. A arewacin Italiya aka fara shi a ƙarni na 15 a matsayin wasan kati, sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka jingina masa duba a Faransa. Takarda ce da fenti. Amfaninsa gare ni shi ne yana tsayar da ni minti biyar in tambayi kaina abin da ke raina. Ki gauraya, ki ja ɗaya, ki kalli hoton sosai, ki rubuta abin da kika gani da abin da ya tuna miki, sannan ki buɗe littafi. Katin da ya fito a juye ki miƙar da shi kawai, wannan darasin na gaba ne.

Kafin ki biya kuɗi, ki tabbata an rubuta kati 78 a jikin kwalin. Akwai katuna masu hoton kyanwa da ake kira oracle, adadinsu ba ƙayyadadde ba ne, kuma ba za su yi daidai da littafin tarot ba.