Gidan buga fosta a Sabon Garin Zariya: yadda aikinsa yake idan an fidda gwani

Duk mai son ya san ƙarfin gidan buga takardu, ya leƙa shi a washegarin zaɓen fidda gwani. A ranar ne ƙungiyoyin magoya baya daga Tudun Wada, Samaru, Ƙofar Doka da Kwangila ke cika ƙofa, kowa da hoton gwaninsa a waya, kowa kuma yana son fostar taya murna ta hau bango kafin la'asar. Gidan da ake magana a kai a nan yana cikin Sabon Gari, kuma aiki iri uku yake yi: injin Kord mai buga fosta da yawa, injin DI mai buga kaɗan cikin gaggawa, da babban injin fileks na kyallayen talla. Ukun nan ba ɗaya suke ba wajen inganci, kuma ma'aikatan ba sa gaya wa mutum wanda ya dace da shi sai ya tambaya.

Fileks ne abin da suka fi iyawa. Da ƙafa ake lissafinsa, tsawo sau faɗi, wato kyalle mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ya zama ƙafa 32, a kan wannan ake yanka kuɗi. Kala tana fita da kyau, baƙi yana kama jiki, kuma ba a cika ganin layukan nan da ke ratsa fuska idan kan inji ya toshe ba, alamar suna wanke shi a kai a kai. Amma roba iri biyu suke da ita, mai kauri da marar kauri, kuma idan ba ka faɗa ba, marar kaurin za a sa maka. Fidda gwani na shekarar 2022 ya faɗo ne a ƙarshen Mayu da farkon Yuni, daidai lokacin iskar farkon damina, wadda ke yaga siririn kyalle daga wajen zoben da ake zura igiyar ɗauri a dare ɗaya. Maganin abin shi ne a nemi mai kauri, a naɗe baki a manne kafin a huda, a sa zobe duk bayan ƙafa biyu maimakon kusurwa huɗu kawai. Idan kyallen zai ratsa titi ne, a yanka masa ƙananan kafofi don iska ta samu hanya. Duk suna yin wannan, amma sai an ce a yi.

Injin Kord kuwa sai an yi hattara da shi. Kala ɗaya yake bugawa a lokaci guda, don haka fosta mai cikakkiyar kala sai ta bi ta cikinsa sau huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya, da baƙi. Kowace kala da filet ɗinta, wato farantin ƙarfe mai ɗauke da zanen da ake ɗaura wa inji, filet huɗu ke nan, kuma kuɗinsu ɗaya ne ko kwafi 200 za a buga ko 5,000. Shi ya sa Kord ba ya da riba sai aiki ya kai rim biyu zuwa sama, rim ɗaya kuwa takarda 500 ce. Girman da aka fi nema shi ne A2, santimita 42 da 59.4, sai A3 mai rabin wannan. Daga kowane aiki akwai takardun da ke lalacewa wajen saita inji, kuma a wannan gidan daga cikin rim ɗin mai aiki ake cire su. Wanda ya biya kuɗin 1,000 ya ƙirga kafin ya ɗauka, ko kuma tun farko ya ce a ƙara takardar saiti a lissafi.

A ranar da babu cunkoso, aikin Kord ɗinsu ba laifi. A ranar rububi ne yake tabarbarewa, kuma dalilan a fili suke. Idan filet ɗaya ya goce ko da rabin milimita, ido da baki na ɗan takara sai su fito biyu-biyu. Idan ruwa ya yi wa inji yawa, ja sai ya koɗe ya koma ruwan lemo, abin da ke ɓata lemar PDP da jar hular Kwankwasiyya baki ɗaya. Idan kuma aka jibge takarda mai sheƙi kafin tawada ta sha iska, bayan kowace fosta sai ya kwashi hoton ta ƙasa. Takarda mai sheƙi tana buƙatar ta kwana kafin a yanka. Wanda ya tsaya a kan mai inji yana cewa yau yake so, shi ya jawo wa kansa, amma laifin gidan ne da ba ya iya cewa a'a.

Babbar asarar dai ba daga inji take zuwa ba, daga gaggawar bugawa take. Abin da ya faru a 2022 ya isa misali. A taron PDP na ranar 28 ga Mayu a Abuja, Aminu Waziri Tambuwal ya janye wa Atiku Abubakar a cikin filin taron, ana dab da jefa ƙuri'a. Atiku ya samu 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. Duk wanda ya riga ya buga wa Tambuwal fostar shugaban ƙasa, a daren ta zama takardar ƙunshe ƙosai. A APC ma haka: 'yan takara da dama, ciki har da Badaru Abubakar na Jigawa da Kayode Fayemi, a dandalin Eagle Square suka janye wa Bola Tinubu, wanda ya tashi da ƙuri'a 1,271 a ranar 8 ga Yuni, Rotimi Amaechi na biye da 316, Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan 152. Zaɓen daliget haka yake, 'yan dubbai ko 'yan ɗaruruwa ne ke yanke hukunci, kuma cinikin na iya juyawa tsakanin isha da asuba. Hayaniyar Facebook ba ta nuna inda daliget suka karkata.

Ko bayan an san gwani, saura mataimaki, kuma a nan ne masu fosta mai hoto biyu suka fi shan kashi. Atiku ya bayyana Ifeanyi Okowa a tsakiyar Yuni. Tinubu kuwa sunan Kabiru Masari ya fara miƙawa a matsayin riƙon ƙwarya, bai ambaci Kashim Shettima ba sai ranar 10 ga Yuli a Daura, fiye da wata guda bayan taron. Peter Obi, wanda ya bar PDP kwanaki kaɗan kafin taronta ya koma Labour, da Doyin Okupe ya riƙe gurbin kafin ya ɗauko Datti Baba-Ahmed, ɗan Zariya, a watan Yuli. Gidan buga takardu da ya san aikinsa zai ce wa mai kawo aiki ya dakata da hoton mataimaki. Wannan gidan ba ya cewa komai, abin da aka kawo shi ake bugawa, kuma da an fitar da filet, kafin alƙalami ba ya dawowa.

Nan ne injin DI ke da amfani. Ba ya buƙatar filet, daga kwamfuta kai tsaye yake bugawa, a girman A3, kuma takarda tana fitowa a bushe. Kowane kwafi ya fi na Kord tsada nesa ba kusa ba, amma ana iya buga 50 ko 100 kawai. Ƙungiyar unguwa da ke son a ga ta yi murna a ranar farko, DI ɗari da fileks ɗaya sun ishe ta, a bar Kord sai sunaye sun zauna. A 2022 ma ba a buɗe yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa a hukumance ba sai 28 ga Satumba, watanni bayan fidda gwani, fostar da aka liƙa a Yuni kuwa ruwan Agusta ya riga ya cinye ta. DI ɗinsu yana da tsabta, illarsa ɗaya ita ce idan an ɗauke wuta an koma janareta, kala takan ɗan sauya a tsakiyar aiki.

Teburin zane ne ya fi ko'ina rauni. Yaran suna da sauri a manhajar zane ta CorelDraw, amma Hausa na ba su wahala. Yawancin salon haruffan da suke so ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai harafin ya koma akwati ko ya ɓace, ko kuma su cire lanƙwasar su huta, "ƙasa" ta koma "kasa". A fostar siyasa, wadda ake son ta ce ɗan takara zai gyara ƙasa, wannan ba ƙaramin abin dariya ba ne a bakin 'yan adawa. A zaɓi salon da ke da haruffan, a mayar da rubutun zane kafin a tura wa inji, sannan a buga gwaji ɗaya a karanta shi a takarda, ba a fuskar kwamfuta ba. Sunan mazaɓa da na ƙungiya ma a duba su harafi-harafi.

Hoto kuma a turo shi ta WhatsApp a matsayin fayil, domin idan aka tura shi yadda aka saba, manhajar tana matse shi, a A2 sai fuska ta fashe. Hoton waya yana da haske fiye da yadda zai fito a takarda, fatar baƙin mutum kuma takan ƙara duhu a Kord, don haka a ce su ɗan buɗe hasken fuskar kafin a fitar da filet. Tambarin jam'iyya a nemo mai kyau, kada a kwafo ɗan ƙarami daga intanet a ja shi.

Rasiti suna bayarwa, amma jimlar kuɗi kawai suke rubutawa. A sa su rubuta girma, nauyin takarda, adadi da ranar karɓa. Takarda mai giram 90 ta isa liƙawa a bango, ta fi ma kama sitaci, mai giram 135 zuwa sama kuwa ta ofis ce da ta ɗagawa a taro. Wajen cika alkawari, fileks da DI sukan fito a ranar da aka ce. Kord a makon fidda gwani, a ƙara kwana biyu a kan abin da suka faɗa, domin aikin manyan 'yan siyasa na shigowa gaba ko da a bayanka suka zo.