LVM a sabar shagonmu, bayan wata takwas ina amfani da shi

Shagon da nake aiki yana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Hoto muke wankewa, muna buga katin biki, muna kuma ajiye wa mutane kwafin takardunsu. Duk kayan nan suna kan wata tsohuwar saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin shagon, mai Ubuntu Server 22.04 da diski ɗaya na giga 500. Ana saura kwana uku babbar Sallah ta ƙi karɓar ko hoto guda. Na buga df -h, umarnin da ke nuna filin da ya rage a diski, na ga ta cika maƙil. Alhaji ya leƙo ya ce, "Kai yaro, kar dai ka ce sai an kashe ta, ga mutane na jira." Na ce, "Alhaji, a ba ni minti goma."

LVM ne ya fitar da ni kunya ran nan, wato Logical Volume Manager, tsarin da ke haɗa filin diski yana rabawa. Tsohon kayan aiki ne, tun 1998 Heinz Mauelshagen ya rubuta shi don Linux. Ni dai da rumbu nake kwatanta shi. Kowane diski buhun hatsi ne da ka juye a ciki, rumbun shi ne ubuntu-vg, daga nan kake auna wa kowa rabonsa tiya-tiya, kowace tiya mega 4.

Da na buga vgs don in leƙa rumbun sai na ga abin mamaki: sama da giga 350 na zaune ba a taɓa ba. Ashe lokacin girka tsarin giga 100 kacal aka yanka wa ubuntu-lv, ɗakin da fayilolinmu suke, sauran aka bari a rumbu. Na ba shi duka da lvextend -l +100%FREE, na sake duba df, ko gezau. Gabana ya faɗi. Laifina ne: na faɗaɗa ɗakin, amma tsarin fayil na ext4 bai sani ba sai an bi shi da resize2fs. Da na ƙara wa lvextend -r tun farko, da an yi biyun lokaci guda. Sabar ba ta tsaya ba ko na daƙiƙa, yaran da ke buga kati ba su ma san an yi wani abu ba.

Bayan wata biyar ta sake cika, sai muka sayo diski na tera 1, wanda na'ura ke nunawa giga 931. A nan kam sai da na kashe ta don in ɗaura shi. Na tabbatar da sunansa da lsblk har sau biyu, sannan pvcreate don shirya shi, vgextend don juye shi a rumbu, sai lvextend -r. Shi ke nan.

Inda nake da ƙorafi kuwa, rabi halin LVM ne, rabi gaggawata. Diski biyu da aka haɗa haka sun zama abu ɗaya, in guda ya mutu tsarin fayil ɗin gaba ɗaya ya lalace. Ga zafin watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga ɗauke wuta, tsohon diskin ba ya bari in yi barci da daɗi. Yanzu duk Juma'a sai na kwashe kwafi a diskin waje. Ragewa ma ba ta da sauƙin ƙarawa: ext4 sai ka sauke shi daga aiki, XFS kuwa, wani tsarin fayil ɗin, ƙaruwa kawai ya sani.

Babbar nadamata ita ce +100%FREE ɗin nan da na maimaita. Ban bar ko tiya ɗaya a rumbu ba. Akwai pvmove da zai kwashe kayan tsohon diski zuwa wani ana cikin aiki, amma sai da fili a rumbun. Na gaya wa Alhaji muna bukatar diski na uku, ya ce in bari sai an ga cinikin bukukuwan bayan kaka.