Bayan rataye takalmi: aikin koci ko kasuwar albasa?

Ɗan wasan da ya sha yawon kulob, bana Garwa, baɗi Njamena, kwantiragi shekara ɗaya-ɗaya, yakan ajiye ƙwallo da ya haura 30, gwiwa ta gaji, babu fansho. Ba kowa ne Vincent Aboubakar ba, ɗan wasan Kamaru da ya bar kulob ɗin Coton Sport na Garwa zuwa Faransa a 2010.

Aikin koci sai da takarda: lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, daga matakin D zuwa C, B, A, ta hannun FECAFOOT, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru. A fara tun ana buga wasa, lokacin da kuɗin kwas bai gagara ba. Albashin ƙananan kulob yakan makara, kuma in aka jera rashin nasara koci ake fara kora. Romon yana wajen rainon yara: dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe ga kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Sai dai yaron da ba a yi wa rajista a hukuma ba, ko sisi ba zai kawo ba. Nan ake yawan tafka asara, abin takaici.

Albasa ta fi saurin juya kuɗi. A saya da bazara tana araha, a shimfiɗa a rumfa mai iska, a kai Yawunde ko Duwala da damina. Danshi ke ruɓar da ita, bashin dangi ke cinye jarin.

Mu dai mun fi son lasisi a aljihu, albasa kuma buhu kaɗan a shekarar farko.