Soyayyar ƙauye ko ta birni, wacce ta fi daɗin karatu?

Ni dai wallahi a ba ni labarin ƙauye. Tun shekarun 1980 da littattafan soyayya suka fara cika kasuwannin Kano har yanzu da aka koma WhatsApp da manhajar karanta labarai ta Wattpad, yawancin na birni salonsu ɗaya, ɗan mai kuɗi ya dawo daga Ingila, gida a Nasarawa GRA, kishiya, boka, kuka har shafin ƙarshe. Akwai daɗi kam, amma yana gajiyar da zuciya.

Na ƙauye kuwa dariya za ki sha 'yar uwa. Saurayi ya wanke kekensa tas ya zo zance bayan isha'i da rake a ɗaure a baya, yarinya ta fito tana jan mayafi, ƙanne sun laɓe bayan danga suna leƙe, kaka kuma tana ta tsokana wai mijinta ne aka ƙwace mata. Ga gaɗa a dandali in wata ya yi fari.

Abin da ke ɓata min rai kawai, wasu marubutan sai su mai da budurwar sakarya, wai sai an kawo ta birni za ta waye. Haba, yarinyar da ke riƙe cinikin fura a ka ba ta ɓata ko sisi?