Shagon gyaran furofayil na Google Scholar a Yelwa, aikinsu da inda suka gaza

Abokan aiki sun dame ni da tambaya a kan shagon nan na Yelwa da ke gyara wa malamai da ɗaliban mastas da PhD furofayil ɗinsu na Google Scholar, wato shafin Google da ke jera takardun binciken mutum da yawan waɗanda suka ambace su a nasu rubutun, wai da gaske aikin yana da amfani ko cin kuɗin mutane ne kawai, toh bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Ku je, aikin yana da kyau, amma ku zauna a kai da kanku, kar ku miƙa komai ku tafi.

Ba zan kama suna ba, duk wanda ya san layin masu fotokofi da bayindin ɗin furojet kusa da ATBU, Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, zai gane wajen. Mai shagon matashi ne da ya karanta harkar laburare, yana da kwamfutoci kaɗan, firinta, sola da ƙaramin janareta, sai yara biyu masu taya shi taifin.

Ni aikina yana tsakanin gida biyu ne, ilimin ƙwayoyin cuta da ilimin sarrafa kayayyaki. Muna haɗa ƙananan ƙwayoyin azurfa na nano da ruwan ganyen zogale ko na darbejiya, ka zuba a cikin silba naitiret ka ga ruwan yana juyawa zuwa ruwan kasa, daga nan mu shafa a jikin bandeji ko robar fitsari mu gwada a kan Staphylococcus aureus da E. coli da Pseudomonas aeruginosa. Dalilin da ya sa nake wannan wahalar shi ne su bakteriyan nan in suka samu jikin roba sai su gina wani kauri mai yauƙi su ɓuya a ciki, antibayotik ya yi ta zuwa ba ya isa gare su, mara lafiya na kwance ana ta canza mishi allura kuɗi na tafiya. Binciken da mujallar Lancet ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 kai tsaye saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen in an auna da yawan jama'a. Wato mu. Shi ya sa ina so in san ko abin da muke rubutawa yana isa hannun wani ko a'a, ba don ƙarin girma kaɗai ba, duk da dai ƙarin girman ma ina so.

Da na je, abu na farko da mai shagon ya yi, ya buɗe furofayil ɗina ya ce "Dakta, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wacce ba taka ba ka faɗa min." Matsalarmu ƴan Arewa kenan, sunayenmu iri ɗaya ne, A. Abubakar nawa ne a jami'o'in ƙasar nan? ga wani ya rubuta Muhammad a wata pepa, Mohammed a wata, Muh'd a ta uku, wani lokacin ma edita ya juya sunan mahaifi ya zama naka. In ka bar saitin da ke ƙara maka takardu da kansa, sai ka wayi gari da pepar wani masanin noma ko injiniyan ruwa a ƙarƙashin sunanka. Mun cire waɗanda ba nawa ba, ya haɗe waɗanda suka fito sau biyu, ya kashe wancan saitin ya mayar da shi sai an tambaye ni ta imel. Lambar ambatona ta sauka, sosai ma, kuma wallahi nan na fara yarda da shi don wani da sai ya bar su in tafi ina murna.

Ya buɗe min ORCID, lambar nan mai guda 16 da aka fara bayarwa a 2012, kyauta ce kuma taka ce kai kaɗai ko da mutum dubu ne masu sunanka, ya ce daga yanzu duk jonal ɗin da zan tura wa aiki in saka ta kuma in tsaya a kan rubutun suna guda ɗaya. Ya kuma sa na tabbatar da furofayil ɗin da imel na makaranta don ya riƙa fitowa in an nemi sunana.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne bayanin lambobin. h-index ɗin nan da kowa ke yawo da shi a baki, wani masanin fiziks ne Jorge Hirsch a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego ya ƙirƙiro shi a 2005, ma'anarsa in kana da h na 8 toh kana da takardu 8 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 8. Shi ke nan. Ko da pepa ɗaya ta samu ambato 500 ba za ta ɗaga shi da fiye da ɗaya ba. i10 kuma na Google ne, adadin takardunka da suka kai ambato 10. Sai ya buɗe min Scopus gefe guda, lambar can ba ta kai rabin ta Scholar ba, ya ce kar in tayar da hankali, Scholar yana ƙirga kusan duk abin da ya gani a intanet har tesis da takardun taro, Scopus na kamfanin Elsevier ne kuma mujallun da suka tantance kawai yake ƙirgawa, a can ma kana iya cire ambaton da ka yi wa kanka ka ga me ya rage. Dukansu a 2004 suka fito amma ba ma'auni ɗaya ba ne, kaman mudun kasuwar Wunti da na wata kasuwar, sai ka tambaya da wanne aka auna kafin ka yi ciniki.

Daga nan muka danna jerin waɗanda suka ambace ni, kuma gaskiya wannan ne ya kai kuɗin da na biya. Takardun nano su ne suka kwashe kusan duk ambaton, mutanen Indiya, Masar, Iran, Sin, amma in ka buɗe ka karanta yawanci layi ɗaya ne a gabatarwa, an jera ka cikin mutum goma an ce an yi amfani da ganye wajen haɗa azurfa, babu wanda ya ɗauki hanyarka ya gwada ko ya ce sakamakonka bai yi ba. Fannin nano yana da cunkoso, ana buga takardu kaman me, kowa na ambaton kowa, dole lamba ta hau. Ita kuma takardar da na fi ji da ita, wacce muka ɗebi samfurin ruwan gyambo muka shuka a Mueller-Hinton, abincin da ake renon bakteriya a kai a lab, muka ɗora faya-fayan antibayotik irin hanyar Kirby-Bauer ta 1966 don ganin wane magani ne har yanzu yake ci a nan yankin namu, wannan kusan babu mai ambatonta, alhali ita ce likita a Bauchi ko Azare ko Gombe zai iya amfana da ita gobe da safe. Abin ya dame ni ƙwarai. Mai shagon ne ya gano dalili, mujallar gida ce ba ta da DOI, wato lambar dindindin da ake gane takarda da ita a intanet, kuma abin da aka ɗora a intanet hoton shafuka ne da aka yi sikanin, ba rubutun da inji zai iya karantawa ba, don haka ko an nemi sunan ƙwayar cutar ba za ta fito ba. Ya mayar da ita rubutu, ya ce in nemi izinin editan in ɗora a ma'ajiyar makaranta, kuma nan gaba in zan buga a gida in duba ko mujallar tana AJOL ko DOAJ tukun, wato rumbunan intanet da ke jera mujallun da aka tantance.

Ina ganin kwamitocin ƙarin girma ya kamata su zauna irin wannan zaman. A San Faransisko tun 2012 masana suka tsara sanarwar DORA cewa a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin da kansa. Hatta jerin kashi 2 cikin 100 na masanan da aka fi ambato a duniya, na John Ioannidis na Stanford da muke ta taya juna murna a kai, fanni-fanni yake raba mutane kuma yana nuna lamba da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba, saboda sun san ba a haɗa mai nano da mai duba gyambo a sikeli ɗaya.

Mai shagon yana kuma duba maka jonal kafin ka biya kuɗin bugawa. Irin masu turo imel suna kiranka Farfesa su ce za su buga cikin sati ɗaya, zai duba ko sunan yana jerin Scopus da gaske ko an cire shi, don wasu suna ci gaba da manna tambarin bayan an kore su. Yana leƙa tsohon jerin Jeffrey Beall na jonal ɗin da ake zargin na bogi ne ma, amma da kansa ya ce wannan an rufe shi tun Janairun 2017, ba a dogara da shi kaɗai. Ina zaune wani bawan Allah ya shigo yana tambayar ko akwai gurup ɗin da ake musayar ambato, ka saka ni in saka ka, mai shagon ya ce "Ranka ya daɗe ni ba na yin wannan, in aka gano mujallar ma ana iya dakatar da ita, kuma sunanka ne zai ɓaci ba nawa ba." Mutumin bai ji daɗi ba ya fita.

Yanzu inda suka gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Na ɗaya fasuwod. Yaran shagon suna karɓar fasuwod ɗin Gmail na mutane su rubuta a wani littafi da ke kan tebur kowa na gani, wai don su ƙarasa aikin da daddare. Wannan bai dace ba ko kaɗan, imel ɗin malami akwai sakamakon ɗalibai a ciki, akwai saƙon banki, akwai bayanan marasa lafiya ga irinmu. Na ƙi bayarwa, na shiga da hannuna na fita da hannuna, na kuma faɗa mishi a gaban yaran, ya ce zai gyara, ku dai ku kula.

Sannan ba su san kimiyya ba, kuma yaran ba sa tambaya. Wajen shigar da takardun da Scholar bai gani ba sun rubuta aureus da babban baƙi, sun mayar da AgNPs, gajeren sunan ƙwayoyin azurfa na nano, wani abu daban, a wata ma sun cire alamar maikuro daga ma'aunin magani ya koma giram, wanda ya san aikin lab ya san wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. In kai ba ka zauna ka karanta ba haka zai tafi. Shawarar da ya ba ni ta kalmomin nema ma duk ta ɓangaren nano ta karkata saboda can ya ga lamba ke hawa, sai da na dage aka saka sunayen ƙwayoyin cutar da MRSA, wato Staphylococcus aureus ɗin da ya daina jin magani, don ni likitoci da masu lab nake so su same ni.

Kuɗi babu tsayayyen farashi a rubuce, sai an kalle ka, na ga an caji ɗalibi wani abu an caji Farfesa wani abu a kan aiki kusan iri ɗaya, in aka ɗauke wuta da yamma sola ta yi sanyi kuma sai a ƙara maka kuɗin mai. Duk da haka abin da na biya bai kai ko kusa da kuɗin buga pepa ɗaya a jonal ɗin bogi ba. Wajen zama ya yi ƙanƙanta, benci ɗaya ne maza da mata, wata malama da na tarar a tsaye take jira a waje cikin rana, ya kamata ya samu kujeru ko da na roba ne.

Wanda zai je ya tafi da jerin takardunsa a rubuce da shekara da sunan jonal, da PDF ɗinsu a filash, da wayar da lambar shiga imel za ta faɗo a kai. Da safe ya fi kafin ɗalibai su cika wajen da firintin, kuma kar ku bari sai lokacin da aka ce a kawo takardun ƙarin girma don a lokacin layi har waje yake kaiwa kuma yaran ne suke yin yawancin aikin ba shi ba. Ranar Juma'a suna rufewa da wuri, sai bayan la'asar suke dawowa.