Sharhi kan ExoPlaSim: yanayin wata duniya a cikin ƙaramar kwamfuta

ExoPlaSim manhaja ce ta kyauta wadda ke lissafa yanayin duniyoyi masu duwatsu da ke zagaya wasu taurari. Masani Adiv Paradise da abokan aikinsa ne suka gina ta a kan PlaSim, tsohuwar manhajar yanayi ta Jami'ar Hambog a Jamus. Ni malamin kimiyya ne a wata lakkwal a nan Maradi, kuma na yi aiki da ita tun daga lokacin ɗari har zafin bazara ya kankama. Ban taɓa samun abin da ya fahimtar da ɗalibaina cewa nisa da tauraro ba shi kaɗai ke yanke hukunci kan yanayin duniya ba kamar wannan manhajar.

Girka ta sai da haƙuri. Ta fi jin daɗin Linux, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta, tana buƙatar harshen kwamfuta na Python da abin harhaɗa harshen Fortran, bayananta kuma da Turanci suke, mu da muka yi karatu da Faransanci sai mun bi a hankali. Amma da zarar ta tashi, aikin mai sauƙi ne: ka rubuta zafin tauraron, yawan hasken da duniyar ke samu, girmanta, saurin juyawarta da irin iskar da ka ba ta, sai ka bar kwamfuta da lissafi.

Na fara da TRAPPIST-1e, ɗaya daga cikin duniyoyi bakwai da aka sanar a 2017 cewa suna zagaya wani ƙaramin jan tauraro mai nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 40. Ba ta kai tamu girma ba, shekararta kwana 6 ce da ƴan awoyi, kuma hasken da take samu wajen wat 900 ne a kan kowane murabba'in mita, alhali mu muna samun kusan 1,360. Masana na ganin fuska ɗaya take ba tauraronta kullum, yadda wata ke ba mu fuska ɗaya. Ke nan rabi rana ce da ba ta faɗuwa, rabi dare ne da gari ba ya wayewa.

A nan manhajar ta burge ni ƙwarai. Na ba duniyar iska mai nauyin tamu, naitirojin da ɗan kabon kaɗan (wato kabon dayoksaid, iskar da ke riƙe zafi), na lulluɓe ta da teku. Da taswirar ta fito, sai ga da'irar ruwa a daidai ƙarƙashin tauraron, ko'ina kuma ƙanƙara, tamkar ƙwayar ido. Gajimare ya taru a kan da'irar yana mayar da haske sama, wata iska mai ƙarfi kuma tana bin tsakiyar duniyar ta nufi gabas, tana kwasar ɗumi zuwa ɓangaren dare. Daga nan na ƙara kabon sosai ban taɓa komai ba. Ƙanƙarar ta ja da baya, ɓangaren dare ya yi ɗumi. Tauraro ɗaya, nisa ɗaya, amma duniya ta sake kama.

Da na haska wa aji taswirorin biyu a bango, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, yaya wurin da bai taɓa ganin rana ba zai yi ɗumi?" Na ce mata, "Ƴata, tuna daren hunturu da sama take fes, sanyi na ratsa ƙashi kafin asuba, sannan ki tuna daren damina mai hadari da gumi ke hana barci. Duka biyun babu rana, abin da ke sama ne ya bambanta." Sai na ga aji ya ɗauka, har masu zaman baya suna gardama kan ko bakin iyakar dare da rana zai nomu.

Tana da iyaka, kuma masu ita ba su ɓoye ba. A ƙaramin matakinta tana yanka duniya gida 64 a tsaye, 32 a kwance, da hawa 10 na iska. Faɗin gida ɗaya ya haura kilomita 600, kusan tafiyar Maradi zuwa Yamai, don haka Gulbin Maradi ko tsaunukan Ayar ba za su ko bayyana ba. Tekunta ma shimfiɗar ruwa ce kawai, ba ta da igiyoyin da ke ɗaukar zafi daga wuri zuwa wuri irin na ROCKE-3D ta hukumar NASA. Manyan manhajojin ma ba bakinsu ɗaya ba: a wani aikin kwatanta manhajoji mai suna THAI an ba manhajoji huɗu, wato ExoCAM, LMD-G, ROCKE-3D da UM, bayanan TRAPPIST-1e iri ɗaya, amma suka saɓa musamman a kan gajimare.

Abin da nake yawan jaddada wa yara shi ne, iskar da ke cikin taswirar nan ni na zuba ta. Har yanzu ba a tabbatar TRAPPIST-1e na da iska ba. A 2023 na'urar hangen nesa ta James Webb ta auna zafin TRAPPIST-1b, wadda ta fi kusa da tauraron, sakamakon ya nuna da wuya tana da iska mai kauri. Irin waɗannan jajayen taurari suna yawan watso wuta da ke iya kore iskar duniyoyinsu.

Ga wanda zai gwada a garin nan: lissafin na cin awoyi kafin yanayin ya daidaita, kwamfuta kuma na ɗaukar zafi, shi ya sa a watan Afrilu sai dare nake kunna ta. Tana adana inda ta tsaya a ƙarshen kowace shekarar lissafi, ko an ɗauke kuran ba daga farko za ka koma ba. Intanet wajen saukewa kawai ake buƙata. Ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu ɗan sanin Python za su more ta, kuma ina ba da shawarar a fara da duniyarmu a ga ko damina ta faɗo a Sahel, kafin a tafi Proxima b, duniyar da ke zagaya tauraron da ya fi kusa da ranarmu.